Me ya sa ganuwa ke fitowa kamar tarin ƙasa a hotona?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramar kyamara ta aljihu, irin wadda idonta ke fitowa idan an kunna ta, mai megafiksel 12. Na je Kano na ɗauki hotunan ganuwa ta wajen titin BUK, amma da na buɗe su a kwamfuta sai na ga duk sun koɗe, sama fari fat, ganuwar kuma kamar ƙasar da tifa ta juye. Bayan damina ina so in koma, in wuce Katsina in ga Gobarau, in hali ya yi har Surame. Kyamarar ce ba ta da ƙarfi, in tara kuɗi in sayi babba, ko kuwa akwai abin da nake yi ba daidai ba?"

Wa alaikumus salam. In na fahimce ka, kana so ka san ko laifin na kyamara ne ko na mai riƙe da ita. Kada ka sayi komai tukuna. Daga yadda ka kwatanta hotunan, ina kyautata zaton da rana tsaka ka ɗauke su, tsakanin ƙarfe 11 da ƙarfe 3, kana tsaye a bakin titi ka fuskanci bangon ɓaro-ɓaro, kyamara kuma tana kan Auto. Ko da kyamarar miliyoyin naira aka miƙa maka a wannan lokaci da wannan matsayi, hoton zai fi tsabta kawai, amma tarin ƙasar dai za ka gani.

Dalilin yana jikin ginin. An fara ganuwar Kano a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, sarakunan baya irin su Muhammadu Rumfa suka yi ta faɗaɗa ta. Da tubali da jar ƙasa aka yi ta, ƙasar kuma a gindinta aka haƙo, shi ya sa kake ganin kududdufai suna bin ta. Ke nan launin bango da launin ƙasar da yake tsaye a kai ɗaya ne. Sannan ruwan daminar ɗaruruwan shekaru ya cinye kusurwoyinta, ya mayar da su tudu-tudu. Kangon dutse irin na Masar ko Rum yana da ginshiƙai da layuka masu kaifi, ko da wane haske aka ɗauke shi ana gane gini ne. Ginin ƙasa ba shi da wannan gata. Kai da kake wurin kana da ido biyu, kana motsi, kana ganin tsayi da kauri. Kyamara ido ɗaya gare ta, kuma a shimfiɗe take ajiye komai. Abin da ya rage da zai nuna wa mai kallo cewa nan akwai tudu, nan akwai kwari, nan ruwa ya zaizaye, shi ne inuwa. Duk sauran bayanin da zan yi a kan yadda za ka samo inuwar nan ne, da yadda za ka hana kyamara ta ɓata ta.

Lokaci da gefen da rana take

Mai neman allura a tsakar ɗaki ba ya haska tocila daga sama, kwantar da ita yake yi a ƙasa, sai kowace ƙwayar yashi ta fito da inuwarta. Hasken da kake nema a jikin ganuwa ke nan: wanda ya zo daga gefe yana shafar fuskar bangon, har ramukan da ruwa ya yi, da sawun tubali, da ragowar yaɓe su fito ɗaya-ɗaya.

A ƙasarmu wannan haske ba ya daɗewa, domin muna kusa da tsakiyar duniya, rana miƙewa take yi sama kusan digiri 15 a kowace awa. Awa 1 bayan fitowarta, inuwar abu ta kusa ninka tsayinsa sau 4. Bayan awa 3 inuwa ta dawo daidai da tsayin abin, daga nan aikin ya ƙare sai yamma. A Kano rana na fitowa tsakanin ƙarfe 6:00 da 6:50 gwargwadon wata, ta faɗi tsakanin 6:00 da 6:55 na yamma. A ƙasar Sakkwato ka ƙara kamar minti 13 a kai. Don haka ka kasance a wurin kafin rana ta ɓullo, ka yi aiki zuwa 8:30, ka sake dawowa bayan la'asar, daga 4:30 zuwa gab da magariba. Hasken safe ya fi tsabta, saboda ƙurar ababen hawa da hayaƙin gari ba su gama tashi ba. Na yamma ya fi ja.

Akwai wani abu da yawancin masu ɗaukar hoto ba sa lura da shi: gefen da bango yake kallo. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Maris rana tana fitowa ne ta gabas maso kudu, ta yini a kudu da mu. A waɗannan watanni bangon da ke kallon arewa ba ya ganin rana ko sau ɗaya. Daga ƙarshen Afrilu zuwa bayan tsakiyar Agusta kuwa rana ta koma arewa da Kano, sai lamarin ya juye. Ɓangaren da ka ɗauka, daga Ƙofar Ɗan Agundi da Na'isa zuwa Gadon Ƙaya, Famfo, Dukawuya har Kabuga, fuskarsa ta waje galibi kudu da kudu maso yamma take kallo. To a Oktoba da Nuwamba, lokacin da ka ce za ka koma, rana za ta riƙa shafar fuskar da ke kallon kudu daga gefe da sassafe, wato daidai abin da ake so. Ka yi sa'ar zaɓen lokaci. Iska a wanke take, sama shuɗiya ce da ragowar gajimare, kududdufai cike suke har bango na fitowa a cikin ruwa, ga ciyawa kore da ke raba jar ganuwa da ƙasa.

Da hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yana watsa haske ta ko'ina, inuwa ta yi laushi, abin da ke nesa ya dushe. A irin wannan rana kada ka wahalar da kanka da zum ko hoton nesa. Matso kusa, ka ɗauki jikin bango, tsagewa, saiwar itacen da ta fasa tubali, kuma ka cire sama daga hoton gaba ɗaya ko ka bar ɗan siriri.

Idan dole ta sa ka iso da rana tsaka, ka shiga cikin soron ƙofa ko ƙarƙashin inuwa ka ɗauki azara da rufi da zane. Sauran lokacin ka yi yawo kana duba inda za ka tsaya gobe da safe.

Abin da za ka canza a kyamarar

Ka sauke ta daga Auto zuwa P, wato tsarin da kyamara ke auna haske da kanta amma ta bar ka ka canza wasu saituna. A yawancin ƙananan kyamarori sai a P ne ake barinka ka taɓa abubuwan da zan ambata. Sunayen maɓallai sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma alamomin kusan ɗaya ne.

Fara da launi, wato WB. Idan yana kan Auto, kyamara tana ganin ja ya cika hoton sai ta ɗauka kuskure ne, ta zuba shuɗi don ta daidaita, jar ƙasar ta koma toka-toka. Rabin koɗewar da ka gani daga nan take. Ka sa shi a alamar rana. In kana son jan ya ƙara ɗumi ka sa a alamar gajimare, amma ba da almuru ba, domin a lokacin zai wuce gona da iri ya koma ruwan lemo.

Sai maɓallin da ke da alamar +/-. Kyamara tana auna haske ne da niyyar mayar da komai tsaka-tsaki. Idan rana na kan bangon, ka rage zuwa -0.3 ko -0.7: ja zai yi nauyi, sama ta riƙe launinta, inuwa ta yi duhun da ake buƙata. Idan kuwa bangon na cikin inuwa ga farar sama a bayansa, ƙaramar sensa, wato ɗan faifan da ke karɓar haske a cikin kyamara, ba za ta iya riƙe su biyun ba, dole ka zaɓi ɗaya. Ka nuna kyamara jikin bango yadda sama ba ta ciki, ka danna maɓallin ɗauka rabi ka riƙe, sannan ka ɗago ka tsara hoton ka ƙarasa dannawa. Bangon zai fito, samar ta ƙone, don haka ka bar ta kaɗan. Kada ka yarda da abin da allon baya ke nuna maka a cikin rana, domin komai duhu yake fitowa, sai ka yi ta ƙara haske kana ɓata hoto. In kyamarar tana nuna histogiram, ɗan zanen nan mai kama da tsaunuka, ka kunna shi. In tsaunin ya jingina da gefen dama na zanen, haske ya ƙone, rage.

ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ka ɗaure shi a mafi ƙanƙanta, 80 ko 100, in ta matsa 200. Sensar irin kyamararka ba ta wuce kimanin milimita 6 da 4.5 ba. Da ISO ya kai 400 ko 800 sai hoto ya yi tsakuwa-tsakuwa, kyamara kuma ta yi ƙoƙarin goge tsakuwar. Matsalar ita ce ba ta iya bambanta tsakuwar hoto da tsakuwar jikin bango ba, sai ta shafe su tare, tubali ya fito sumul babu ƙwaya. A fuskar mutum ba a cika lura ba. A ginin ƙasa kuwa abin da ka zo ɗauka ne aka goge.

Ƙanƙantar sensar tana da nata amfani. Idan ba ka yi zum ba, a f/4 (lambar f tana nuna faɗin buɗewar ido, in ta hau ido ya tsuke), komai daga kimanin mita 1 har ƙarshen gani zai fito tas, abin da mai babbar kyamara sai ya tsuke ido sosai yake samu. In kyamararka tana da A ko Av, inda kai ke zaɓen lambar f, ka tsaya tsakanin f/4 da f/5.6. Kada ka kai f/8 da tunanin zai ƙara kaifi, a wannan girman sensa laushi yake kawowa. Zum na dijital ka kashe shi daga menu, yanka hoto kawai yake yi. Filasha ma ka kashe: ba ta wuce mita 3 zuwa 4, tana kashe inuwa, in akwai ƙura kuma ta cika maka hoto da fararen ɗigo.

Tunda ka hana ISO hawa, da sassafe da cikin soraye, irin na Gidan Makama, kyamara za ta rage saurin ƙiftawa. Ka duba lambar. Ba zum, 1/60 na daƙiƙa ya isa a hannu. Da zum har ƙarshe kana buƙatar 1/250 ko sama. In ta sauka ƙasa da haka, ni abin da nake amfani da shi safa ce da aka cika da wake kamar rabin kilo aka ɗaure baki. Ka ɗora ta a kan dutse ko kututture, ka nutsa kyamara a ciki, ka sa ƙidayar daƙiƙa 2, ka danna ka janye hannu. Ta fi ƙafa-uku sauƙin ɗauka, kuma ba ta tara maka jama'a.

Inda za ka tsaya

Kada ka fuskanci dogon bango gaba da gaba. Ka matsa kusa da shi, kamar taku 5 zuwa 10, ka juya ka kalli tsawonsa, ya shigo daga gefen hoto yana ƙanƙancewa zuwa nesa. Ka durƙusa, kyamara daidai gwiwa, don kan bangon ya hau sama ya rabu da rufin gidaje da wayoyin lantarki na bayansa. Rana ta kasance a kafaɗarka ta dama ko ta hagu. In tana bayanka inuwar duk ta ɓuya a bayan bango, taka kuma ta shigo hoto.

Sannan ka sa wani abu da kowa ya san girmansa. Ganuwa mai tsayin mutum uku, in ba komai a gindinta, ana iya ɗaukarta kunyar gona. Mai keke, ɗan garuwa, akuya a kan gangare, ko abokin tafiyarka ya isa. Ya tsaya a gindin bangon, ba kusa da kai ba, in ba haka ba shi zai zama babba bangon ya zama ƙarami. Ka tsara hoton ka jira wani ya shigo. Riga fara ko shuɗiya ta fi fitowa a jikin jar ƙasa.

Gobarau matsalarta daban ce. Hasumiya ce mai tsayin kimanin mita 15, ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, kuma ginin nata dama yana tsukewa ta sama. In ka tsaya a gindi ka ɗaga kyamara, tsukewar za ta ninku, ta fito kamar za ta faɗi ta baya. Ka ja da baya gwargwadon yadda wurin ya ba da dama, mita 30 zuwa 40 in an samu, ka riƙe kyamara a tsaye kuma a miƙe ba tare da ɗaga hancinta ba, ka yi ɗan zum. Ƙasa za ta yi yawa a hoton, sai ka yanke ta daga baya. Megafiksel 12 na nufin ɗigo 4000 da 3000, wanda ya isa a wanke hoto mai santimita 34 da 25 da kyau, don haka kana da abin yanka. Bayan ka samu wannan, sai ka je gindi ka ɗaga kai da gangan, ka ɗauki matakala tana hawa. Karkata kaɗan ce take kama da kuskure, mai yawa kowa ya san nufi ne.

In kana son dogon bango a hoto ɗaya, ka riƙe kyamara a tsaye ka ɗauki jeri, kowane hoto ya hau kan na baya da kashi 1 cikin 3, kana juya kyamarar a wuri guda ba kana lilo da jikinka ba. Sai a haɗa su a kwamfuta.

Ƙura da zafi

Abin da ya fi kashe irin kyamararka shi ne yashi a cikin bututun idon da ke fitowa yana komawa. Ƙwaya ɗaya ta isa ta maƙale haƙoran roba na ciki, kyamara ta ƙi buɗewa ko ta ƙi rufewa, kuɗin gyaran kuma sau da yawa ya kai na sayen wata kyamarar. Kada ka sa ta tsirara a aljihun da ke da ƙura. Ka ajiye ta a leda mai zif. Kafin ka kashe ta, ka kifa idon ƙasa ka busa jikin bututun da ɗan famfon roba na hannu. Gilashin kuma a fara busawa kafin a goge, kuma ba da gefen riga ba, domin ƙurar hunturu karce shi take yi. Gilashi mai maiƙon yatsa shi ma yana koɗar da hoto, musamman in rana na gefe, don haka ka duba naka, ƙila yana cikin masu laifi. In rana na taɓa gilashin ka yi masa rumfa da tafin hannu ko hula.

Yawancin waɗannan kyamarori an yi su ne su yi aiki har zuwa digiri 40, bazararmu kuwa tana wuce haka. Kada ka bar ta a gaban mota. Ka tafi da batir na biyu da katin memori na biyu, domin a ƙauye ba lallai ka samu wuta ba.

Surame

Birnin da Muhammadu Kanta ya gina ne a ƙarni na 16, babban birnin Kabi kafin a koma Birnin Kebbi a wajen 1700. Yana cikin jihar Sakkwato ta yanzu, an sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1964. Nan ginin da dutse ne, kuma kufai ne na gaske a cikin daji, ba gari kewaye da shi. Shawarar lokaci ta ɗan canza a nan. Ciyawar da ke ƙawata hoton ganuwar Kano a Oktoba ita ce za ta rufe maka tushen gini a Surame. Ya fi kyau bayan ta bushe ta kwanta, ka zaɓi ranar da hazo ya lafa. Dutse yana da kaifi, don haka yana jure haske har zuwa hantsi. Wahalar ita ce bango da duwatsun da suka zube duk suna cakuɗewa a hoto. Ka nemi wurin da layin gini yake a tsaye, ko giɓin ƙofa, ka gina hoton a kansa, ka durƙusa don ya fito a jikin sama. In kana son fasalin wurin ka hau tudu na ƙasa, ba kan ginin ba. Haka ma a Kano, kada ka hau ganuwa: tana zubewa, kuma kowace ƙafa tana rage ta.

Ka sa takalmi rufaffe, kada ka cusa hannu a ramin dutse ko ka ja da baya ido na kan allo, domin kububuwa da kunama wurinsu ke nan. Tsingaro ko wani abu da ka gani a ƙasa ka ɗauki hotonsa inda yake, da biro a gefe don a ga girmansa, ka bar shi nan. Ɗaukar kayan tarihi laifi ne a doka.

Maganar da ta fi duk wannan nauyi ita ce tsaro. Yankunan karkara na Sakkwato sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, yanayin kuma yana canzawa daga mako zuwa mako. Kada ka kama hanya sai ka tuntuɓi ofishin hukumar gidajen tarihi a Sakkwato da mutanen yankin. In ka isa ka fara da gaida dagaci, ya haɗa ka da ɗan rakiya. In aka ce kada ka je, ka fasa. A cikin gari ma ka gaida mutanen da ke zaune a bakin ƙofa kafin ka fito da kyamara, ka nemi izini kafin ka ɗauki fuskar mutum, musamman mata, ka kauce wa shingen jami'an tsaro da maƙabartu.

Inda ƙaramar kyamara take gazawa

Akwai abubuwan da duk dabara ba za ta ba ka ba. Ba za ta riƙe cikin soro mai duhu da hasken bakin ƙofa a hoto ɗaya ba. Ba za ta ɗauki kufai da taurari ba. Yawancinsu JPEG kawai suke ajiyewa, wato hoton da kyamara ta riga ta sarrafa ta matse, don haka in sama ta ƙone ko launi ya karkace, gyaran kwamfuta kaɗan zai iya, shi ya sa na dage a kan WB da +/- tun a wurin. In za ka gyara, ka yi a kan kwafi, ka miƙar da hoton, ka ƙara bambancin haske da duhu kaɗan, ka bar launi yadda yake, domin jar ƙasa saurin komawa jan fenti take yi.

Wayar zamani mai kyau ta fi ta wajen haɗa sama da inuwa, tunda hotuna da yawa take ɗauka ta narka su wuri guda. Sai dai wannan narkawar tana haskaka inuwar da ka yi sammako dominta, bangon ya sake shimfiɗewa. In da waya za ka ɗauka, ka kashe HDR, wato wannan narkawar, idan rana na gefe, ka ja hasken ƙasa da yatsa. Amfanin wayar da ba a musu shi ne tana rubuta wurin da aka tsaya. A kowane matsayi ka ɗauki hoto ɗaya da ita, ka kuma gyara kwanan wata da agogon kyamararka kafin ka fita, don in ka dawo baɗi ka tsaya daidai nan ka ga abin da damina da masu ɗibar ƙasa suka rage.

In ka yi tafiyar Oktoba da wannan saiti, ka dawo ka ga abin da ya hana ka shi ne duhun soraye ko ƙonewar sama, to a lokacin maganar sayen wata ta taso. Ka nemi mai sensa inci 1 ko sama, wadda ke ajiye RAW, wato ɗanyen hoton da ba a sarrafa ba, ko da ta hannu ce, kuma kafin ka biya ka kunna ta ka kashe sau da yawa kana sauraron ko bututun idon yana ƙarar yashi.